Asabar Uku a Bakin Kogi

Asabar uku suka rage min. Na ƙirga su a kalandar shagona da ke kan Stockport Road, inda nake saye da sayar da tsofaffin firji da injinan wanki. Asabar uku kafin a rufe kamun kifin trout a ƙarshen Satumba, tafiyar awa biyu daga Manchester zuwa Birmingham, da 'ya ɗaya tak, Hafsa. Tun da muka rabu da mahaifiyarta suka koma unguwar Selly Oak a Birmingham, umarnin kotu ne yake haɗa ni da ita. A Oktoba za ta cika sha shida, daga nan ita za ta zaɓa, ko ta zo ko kada ta zo. Na san inda zaɓin ya karkata. Wata biyar ba na samun komai a bakinta sai "lafiya lau".

Sai ga saƙonta. An kai su kogi daga makaranta, kowa ya kama trout ban da ita. So take ta kama ko guda ɗaya, da ƙoton tana, yadda aka koya musu. Shekara biyu ba ta roƙe ni komai ba sai wannan.

Ni jikan masuntan Yawuri ne. A wurinmu kifi shi ne wanda sai mutum biyu sun kama za su ɗaga. Don haka na sayo sanda mai kauri ta kamun teku, da igiyar da za ta riƙe akuya, da ƙugiya kamar ɗan yatsana, da dalma mai nauyi. Kogin da muka je Asabar ta farko kuwa ruwansa garai-garai ne, bai kai gwiwa ba. Duk jifa sai dalmar ta faɗa tsundum, kifayen su watse muna kallo. Hafsa ta koma kan dutse ta zauna.

"Dad, wannan ai na kamun kifin shark ne. Kullum haka kake."

Asabar ta biyu aka wuni ana ruwa, kogin ya cika ya yi ja. A mota muka zauna har na mayar da ita gida.

Ranar Laraba ina gwada wata tsohuwar hitar gas a shago. Ta yi fuf, wutar ta tashi shuɗiya, sannu a hankali ta koma ja. Sai ga ni a unguwar Whalley Range ta Manchester ina ɗan shekara takwas.

A saman wani babban gida da aka yanka flat-flat muke zaune. Baba na tuƙin bas, Mama na aikin asibiti, shi ya sa aka ɗauko Kaka daga Yawuri ta kula da ni da ƙanwata Rabi. Har ta rasu ba ta yafe wa ƙasar nan sanyinta ba. Da an yi sallar isha za ta ja tabarma gaban hitar gas, da zane uku a jikinta da safar Baba a ƙafa, ta miƙa tafin hannu kamar murhun gida ne. Tagar na karkarwa, motoci na wucewa a ƙasa, mu kuwa mun manne mata.

"Tatsuniya na bakin ƙofa," za ta ce. "Wa zai buɗe mata?"

"Ta shigo, akwai sanyi a waje!"

Wadda ta dawo min ranar ita ce ta Bawa masunci. Shekarar yunwa ce, 'ya'yansa huɗu suna kwana ba ci. Sau ɗaya ya hango giwar ruwa ta juya a tsakiyar gulbi, ya rantse ita zai kawo gida. Ya kai fartanyarsa maƙera aka ƙera masa ƙugiya kamar tafin hannu. Ya yanka kazar da ta rage ya maƙala. Ƙananan kifaye suka zo suka tsattsage naman, suka bar masa ƙarfe. Kwana bakwai yana nan zaune. Ran na bakwai tsohuwar uwarsa ta gasa allura ta lanƙwasa, ta zare zare daga bakin zanenta, ta tono tana a ƙarƙashin randa. Ɗaya bayan ɗaya ta cika ƙwarya da 'yan kifaye. Yara uku suka ci suka tashi. Autan bai kai ba.

Rabi ta fashe da kuka. Ni kuwa na ce, "To giwar ruwan fa? Ya kama ta?"

Kaka ta dungure min kai. "Ji maigidan nawa! Yaro ya mutu kana tambayar giwa. Bawa na son yaransa, ba wanda ya ce ba ya so. Cikinsa ya auna ya ƙera ƙugiyar, bai taɓa sunkuyawa ya duba bakin kifin ba."

Shekara talatin na ɗauka labarin wawa ne. A gaban hitar nan na tuna wayar da na saya wa Hafsa, da laptop, da takalma masu tsada, duk ta gidan waya, alhali ranar wasan makarantarsu ina Bolton ina cinikin firji.

Na rufe shago na nufi wurin wani tsohon Bature mai sayar da kayan fatsa. Karon farko a rayuwata na shiga kanti na ce ban san komai ba. Ya ba ni sanda marar nauyi mai lanƙwasa, da zare siriri kamar gashi, don trout na da ido. Ƙugiya ba ta kai farcena ba. Dalma biyu kamar ƙwayar dawa. Ya ce in soke tanar sau ɗaya a ka, in bar ta tana motsi, a jefa sama da inda kifin yake, ruwa ya kawo masa da kansa.

Asabar ta ƙarshe na miƙa mata sandar na ja baya. Awa uku ba komai. Tana ashirin muka zo da su, saura huɗu. Ina ta salati a zuci. Can zaren ya tsaya, ya yi gefe, ta ɗaga hannu.

"Baba! Baba, zo!"

Ɗan kifi ne mai ɗigo-ɗigon ja, bai wuce tafin hannuna ba. Na zaro leda.

"Me za ka yi?"

"Farfesu mana."

"A'a! Bai kai a ɗauka ba, sakinsa ake yi. Jiƙa hannunka tukuna."

Ni da ban taɓa sakin abin da ya shigo hannuna kyauta ba, na durƙusa a ruwa na buɗe yatsu, ya wuce.

Ga lissafin. Kayan teku na sayar da su da faɗuwa. Asabar biyu sun tafi a banza, shekara biyun da ke bayansu ma ba mai dawo min da su. Kifi ko ɗaya bai shiga tukunya ba. Ba ta yi min alkawarin komai game da Oktoba ba, ni ma ban tambaya ba.

Amma da na sauke ta a ƙofar gidansu, ta ɗauki sandar, ta tsaya, ta mayar da ita bayan mota.

"Ajiye min a wurinka, sai Maris ake buɗewa. Kuma kar ka sayar, na san halinka."

Tana rataye a shago, saman injinan wanki. Mutum biyu sun taya. Na ce mai ita za ta zo.