Yadda Ƙararrawa Ta Koya Mana Tari

Ƙararrawa muke ce mata, saboda in ta yi magana a wannan ƙarshen ɗaki ana jin ta a wancan, ko da injuna na aiki. Shekara goma sha ɗaya muka yi kafaɗa da kafaɗa a kamfanin katifa, ni ina warware auduga, ita tana tura wa injin shiɓa. Yau wata biyu ke nan da rasuwarta, har yanzu in na juya hagu sai na ga kamar zan gan ta da farin ƙura a gira.

Ranar da na fara aiki, ban yi awa guda ba ƙurar auduga ta shaƙe ni. Na buɗe baki zan yi tari, sai ta mintsine ni a hannu.

"Ke baƙuwa, haɗiye shi! Jira injin matsi."

Injin matsi shi ne mai danne auduga, lokaci zuwa lokaci yana faɗowa da ƙara kamar aradu. Da ya faɗo, sai na ga mata arba'in sun sunkuya lokaci guda suna tari, kafin ƙarar ta mutu kowa ta miƙe kamar ba a yi ba. A nan ta gaya mini dokar da ba a rubuta ba: duk wadda manaja ya ji tana yawan tari, sai ya ce ta je gida ta huta, kuma wadda ta tafi hutu ba ta dawowa.

Ƙararrawa ba ta da halin hutu. Mijinta direba ne, ɓarin jikinsa ya shanye, ga 'ya'ya mata biyu suna makaranta. Duk da haka ita ce mai ba mu dariya. In manaja ya wuce da hankici a hanci sai ta ce, "Ku ba shi hanya, ku da aka haifa da huhun ƙarfe."

Abin da ya sauya ta shi ne mutuwar Inna mai ɗinki, dattijuwar da ke rufe bakin katifa. An ba ta hutu, bayan wata uku ta cika a ɗakinta, ba wanda ya taɓa duba ƙirjinta. Da muka dawo daga gaisuwa, Ƙararrawa ta tara mu bayan tankin ruwa lokacin cin abinci.

"Inna ba tsufa ne ya kashe ta ba, mun sani. So nake a kawo mana likita har cikin nan."

Wata ta ce, "Uwar tsaurin ido, in aka kore mu ke za ki ciyar da mu?"

"In kika mutu fa, wa zai ciyar da naki?"

Wata takwas tana bin wannan magana. Ƙanwarta ta rubuta takarda, mu muka dangwala yatsa, wasu sai da ta bi su har gida. Ranar hutunta ta mako takan tafi ofishin ƙungiyar ma'aikata ta zauna a benci, a ce ta dawo gobe, ta dawo. Takalminta ya tsinke ta ɗaure da zaren katifa. Mai haƙuri yakan dafa dutse: wata Talata da safe sai ga likita da nas ɗinsa.

Aka kashe injuna duka don ya ji ƙirjinmu da kyau. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru haka ba. Aka ajiye masa tebur, manaja ya jawo kujera ya zauna bakin ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ƙararrawa ta shirya mu layi, ita ta tsaya ƙarshe.

"Kina tari?" in ji likita.

"A'a."

"Numfashi fa, yana yi miki wuya?"

"Lafiya lau."

Haka ta farko, haka ta biyu, haka ta ashirin. Ba injin matsi, don haka ba wadda ta yi ko gyaran murya. Ana ganin idanu suna ruwa, jijiyoyin wuya sun tashi, amma kowa ta haɗiye. In ya ɗora abin awo ya ce a ja numfashi, sai a ja ɗan kaɗan, kada tari ya kufce. Ni ma da aka zo kaina na ce a'a. Ni, aminiyarta, da na dangwala yatsa ta biyu. Har gobe ina jin kunyar wannan kalma.

Likita ya dubi manaja ya ce, "To ai ban ga abin da aka ce ba." Ya fara tattara takardunsa.

Sai muka ji muryarta daga baya. "Likita, saura ni."

Ta zo gaban tebur, ba ta zauna ba. Ta juyo ta dube mu, ta dubi manaja, sannan ta saki tarin. Ban san mutum na iya ɗaukar irin wannan a ƙirji yana tsaye ba. Ta yi ta yi har ta dafa tebur, da ta ɗauke bakin mayafinta daga baki sai ga jini. Ta nuna masa.

"Shekara biyu ke nan," ta ce. Sannan ta juyo gare mu. "Ku kuma, 'yan uwa, injin me kuke jira?"

Ɗakin ya ɓarke. Na yi tari har na durƙusa, ina yi ina kuka. Shekara biyu tana gefena tana zubar da jini ban sani ba, don ita ce ta fi kowa iya ɓoyewa.

Mu goma sha bakwai aka tura hoton ƙirji. Nata hoton, likita ya daɗe yana kallo. Kafin mako ya ƙare manaja ya ba ta hutu. Ƙungiya ta yi ta kai da kawowa a kan haka, ba a gama ba har rai ya yi halinsa.

Na je duba ta ana saura kwana huɗu. Muryar nan ta zama raɗa, sai na kai kunne bakinta. Ta tambaye ni ko an kawo takunkumin hanci. Na ce an kawo, har da fanka mai zuƙe ƙura, kuma likita zai riƙa zuwa duk wata shida. Na ce, "Me ya sa ba ki gaya mini ba, ƙawata?"

Ta yi murmushi. "Ke da bakinki? Da kin kai ni hutu tun bara."

Babbar 'yarta ta bar makaranta, yanzu ita ke tsaye a haguna tana tura auduga. Jiya ƙura ta shaƙe ta, ta buɗe baki za ta yi tari. Kafin in ankara hannuna ya kai ga hannunta zan mintsine ta. Na janye shi da sauri, na ce, "Yi abinki, 'yata, yi da ƙarfi." Ta yi. Ni kuwa nawa na riƙe shi har injin matsi ya faɗo.