Usta Abdu da Jif ɗin Masu Naƙuda

Ina tsaye a barandar asibitin garin Rusairis, zanena duk taɓo har gwiwa, sai wayar Saddiƙu direba ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi salati, sannan ya juyo gare ni ya ce, “Hajja, Usta Abdu ya cika.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ɗakin da ke bayana Nafisa, wata matar ƙauyenmu da muka kawo, na kwance da jaririyar da likitoci suka ciro mata ta hanyar aiki, dukansu biyu lafiya lau. Na zauna a kan dakali na yi kuka sosai, amma Allah ya sani, a cikin kukan nan akwai farin ciki, domin mutumin ya ga ƙarshen aikinsa kafin ya tafi.

Ni ce ungozomar ƙauyenmu, shi kuma makanike ne, shi ya sa ake ce masa Usta, wato gwanin sana'a. Ban taɓa riƙe sufana ba, shi ma bai taɓa leƙa ɗakin haihuwa ba, duk da haka abokin aikina ne fiye da kowa. Abin da ya haɗa mu wata tsohuwar jif ce ta jama'ar gari, wadda shi ya raɗa mata suna Gwaggo. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da damina ke yi wa baƙar lakarmu. Babbar mota tana nutsewa har ciki, a-daidaita-sahu ko kusa ba ta zuwa, ga kuma rafin da ke tsakaninmu da titi. Idan haihuwa ta gagare ni, Gwaggo kaɗai ke iya fitar da mace zuwa asibiti.

Marigayi ba mai yawan magana ba ne, amma idan ya buɗe baki sai ya tsokane ka. Daya yake kirana, kamar yadda Larabawa ke kiran ungozoma. Duk ranar da muka dawo daga asibiti za mu same shi a bakin garejinsa, ba zai tambayi ko wace ce muka kai ba, don kunyar matan mutane. Tambayarsa ɗaya ce: “Daya, an sauka?” In na ce an sauka, sai ya yi hamdala ya shige ƙarƙashin mota. In na yi shiru, sai ya ajiye kayan aiki ya tafi masallaci, ranar ba ya sake taɓa ƙarfe.

Bara Gwaggo ta tsufa a idon kowa. Ruwan sama yana taruwa a cikinta, wari ya kama ta, tsatsa ta ci ƙasanta. Wata rana ina riƙe da kan wata mai naƙuda, na duba tsakanin ƙafafuna na hango hanya tana gudu ta wani rami. Da rani ya shigo, kwamitin gari ya zauna ya ce a sayar da ita ga masu sayen ƙarfe. Wasu mazan har suka nemo wanda za su ɗora wa laifi. Mu mata al'adarmu ce duk lokacin da mota ta ɗauki mai haihuwa, mu taru da bokitai mu wanke cikinta tas, don bai kamata namiji ya ga abin da ya zuba ba. To wai wankin nan ne ya ruɓar da ita. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce musu idan sun sayar, su shirya goya matansu a baya su ƙetare rafi da su.

A lokacin ciwon ƙirji ya riga ya kwantar da Usta, ya bar wa ɗansa Bashir garejin. Sai ga shi ya dogaro sanda ya zo. Ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa jikinta da sukudireba yana saurare, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito yana haki ya ce, “Ya jama'a, ƙashin bayanta lahiya lau shi ke. Fata ce tac ciwu. Ku ba ni ita har ruwa shi sauka, in ta gagara ku saida ta, ku haɗa da ni.”

Yadda ya nemo yoyon ba zan manta ba. Ya sa aka fitar da kujeru da tabarmin roba, ya aiko gidana a ba shi rariya da toka, ya tankaɗe cikin motar har ta yi fari fat. Sannan ya shiga ya rufe kansa cikin zafin tsakar rana, ya ce mu matan da aka zarga mu ne za mu zuba ruwa. Muka fara daga ƙasan ƙofa, muna hawa sannu sannu, shi kuma yana kallon tokar. Matarsa Inna Ladi tana ta faɗa, tana cewa zai dafa kansa da ransa. Har muka wuce tagogi babu ko ɗigo. Da muka kai rufi sai muka ji ya buga gilashi. Wani siririn layi ya bayyana a cikin tokar, ya taso daga inda ƙafar ƙarfen ɗora kaya ta tsaga kwatar rufin, ya biyo ta cikin ginshiƙin ƙofa, ya gangara har bayan mota inda nake zama. Ya fito jiƙe da gumi yana dariya, ya ce, “Inda kig ga ruwa, Daya, ba nan yash shigo ba. Bi shi za ki yi har gida.”

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka kira ’yan kwamitin, ya ce su durƙusa su duba. Ya ɗauki ƙusa ya ƙwaƙulo wani baƙin abu daga ƙasan motar, sai ga rami zagayayye, wanda tun daga masana'anta aka yi shi. Ashe shekarun baya, lokacin da Usta ya tafi aikin Hajji, mazan gari sun ga ramukan nan suka liƙe su da kwalta, wai kada ruwan rafi ya shigo. Da niyya mai kyau suka yi, amma tun daga ranar duk ruwan da ya shiga bai da mafita. Usta bai ci wa kowa fuska ba. Ya dai ce, “Wanki bai kashe mota. Ku kunka ruhe mata ƙofa, ku buɗe, halas, shi ke nan.”

Sauran ranin a bakin aiki ya ƙare shi, yana zaune a kujera Bashir yana yi, in hannun ɗan ya kauce ya karɓa da kansa. Suka yanke duk inda tsatsa ta ci har suka tarar da farin ƙarfe, don ya ce wanda ya shafa fenti a kan tsatsa ajiye ta ya yi. Suka yi waldar sabon faranti, suka gyara kwatar rufi, suka sake robar gilashi, suka shafe ƙasan da jan fenti da giris. Ramukan kuwa ya yanka musu marufai daga tsohuwar taya, ya ɗaure kowanne da igiya: a toshe in za a shiga rafi, a zare in za a yi wanki. Kullum yana ƙara ramewa, idonsa yana kan gabas inda hadari ke tasowa.

Ranar da ya rasu aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma ranar ce haihuwar Nafisa ta zo a gicciye. Muka ɗauke ta da hantsi. Rafin ya kawo har ƙasan ƙofa, Saddiƙu ya yi bismillah ya shiga, Gwaggo tana gurnani har ta hau tudu. Muna hawa titi Bashir ya bugo waya, ya ce babansa ya hana kowa sakat sai ya ji muryata. Na karɓa, na ji numfashinsa sama sama.

“Daya, ɗaga tabarma ki sa hannu.”

Na ɗaga, na shafa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na ce, “Usta, a bushe take ƙayau.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya ce, “Tamam. Ki ce ma mata su yi ta wanki.”

Ba mu samu jana'izarsa ba, domin rafin ya cika ya tumbatsa a bayanmu. Da muka dawo, bayan mun yi wa Inna Ladi gaisuwa, matan gari suka fito da bokitai ba wanda ya kira su. Muka zare marufan nan muka wanke Gwaggo, muna kallon ruwa yana zuba ƙasa ta ramukan da ya buɗe. ’Yan kwamiti suka zo suka tsaya, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ɗaga maganar sayarwa.

Allah ya jiƙan Usta Abdu, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa ya sanya shi dausayin Aljanna. Allah ya ba Inna Ladi da Bashir da sauran iyali haƙurin rashi, ya sa albarka a hannun da ya bari a garejin. Kowace mace da Gwaggo za ta ƙetarar da ita rafin nan a bushe, ya Allah ka kai masa ladan inda yake kwance. Amin.