Taken da Ya Cinye Rabin Kaset

Sati uku suka rage in miƙa aikina na ajin ƙarshe, ga kaset a hannuna, amma ban san abin da yake faɗi ba. In na faɗi, kora ce, don na riga na maimaita aji sau ɗaya, yajin aikin malamai kuma ya cinye mana wata shekarar. Ban ga da fuskar da zan koma Bunguɗu hannu wofi ba.

A cibiyar wasan kwaikwayo da kaɗe-kaɗe ta jami'armu nake karatu. Tarihinta kowa ya haddace, don ranar farko ake ɗura wa ɗalibi shi. Wai a wata rumfar kwano ta fara, da malami guda da kekensa da rakoda, yana bin ƙauyuka yana ɗaukar makaɗa. A lokacinmu ta zama sassa uku: wasan kwaikwayo, raye-raye da kaɗe-kaɗe. Amma al'adar mai keken nan ba ta mutu ba. Duk ɗan ajin ƙarshe sai an tura shi garinsu ya ɗauko wani abu a kaset, ya rubuta shi kalma-kalma. Ni a sashen wasan kwaikwayo nake, burina in sa kwat in fito a alƙali. Da malaminmu ya gano ubana makaɗin noma ne, har buga tebur ya yi don murna, ya ce ai ni aikina yana kwance a gida.

Abu biyu na ɓoye masa. Na farko, ni ba na jin ganga. Kowane manomi yana da takensa, magana ce ganga take yi, in ya ji a wajen gayya sai ya ɗaga garma ya amsa da kirari. Ni kuwa tun ina firamare yara suke ce mini ɗan maroƙa, na tsani abin, in aka fara kiɗa sai in bar gidan. Na biyu, hawan jini ya buge Baba, ya tafi da maganarsa, yana jan ƙafa ɗaya. Hannuwan kawai aka bar masa.

Ɗaukar ba ta ba ni wahala ba. Na zaunar da shi a gindin bedin ƙofar gida, ƙanena ya sauko da gangar, na danna rakoda. Baba ya kama gula ya fara. Sai dai kowane take in ya buga sau biyu, sai ya koma wa wani gajere guda ɗaya, yana bugawa yana kallona. Na san bugun, duk ranar da na zo hutu shi yake yi, na ɗauka gwada fatar ganga ne. Na ce, "Baba, batir zai ƙare, a wuce gaba." Ya sake bugawa. Wallahi har na ɗaga masa murya. Na tambaye shi mene ne gangar take cewa, ya buɗe baki, sai iska da yawu. Na kashe rakoda na shiga ɗaki ina jin kamar in fasa ta da bango.

Na kai wa malam abin da na samu. Ya saurara, ya ce kiɗa ya yi kyau, amma kowane take sai na rubuta kalmominsa da mai shi. "Musamman wannan da ya cinye rabin kaset," in ji shi. "In babu shi, babu aiki." Ya ƙara mini kwana goma sha biyu, ya ce daga nan ba ya da iko.

Lokacin ana tsananin wahalar mai, ba a daɗe da mayar da Gusau babban birnin jiha ba, kowa ita ya nufa, mota sai an yi kokawa. Na rataya rakoda a wuya na shiga neman tsofaffin manoma. A Bunguɗu na samu huɗu. Wani tsoho da ko tashi ba ya iyawa, da ya ji takensa sai ya miƙe zaune ya ɗaga sandarsa yana ihu, jikokinsa suna dariya. Ya faɗa mini kalmomin, na rubuta. Na kunna masa gajeren. Ya karkata kunne, ya ce, "Wanga ban taɓa jin shi gona ba."

Haka aka yi ta yi mini. Na bi wani tsohon sarkin noma har Ruwan Bore, rabin hanya a kan acaɓa, sauran a ƙasa da man ya ƙare. Ya ba ni kalmomin take uku, gajeren kuwa ya ce ba na noma ba ne. A Damba na samu wanda ya taɓa yi wa Baba amshi, ya koma sayar da itace. Ya ce in daina tona abin da suka tuba suka bari, ya juya mini baya. Na tsaya a ƙofar gidansa ina roƙo kamar mai neman gafara, bai fito ba. Haba! Ni da nake gudun a ce mini ɗan maroƙa, ga ni ina roƙo gida-gida da akwatin kiɗa a wuya.

Saura kwana uku na yanke shawarar in ƙirƙiro kalmomin kawai. Na zauna a tashar Gusau na rubuta wani kirari na ƙarya, da sunan wani manomi da ba a taɓa haifa ba. Na karanta, na ji kunya ta kama ni, kuma na san malam yana da kunne, zai auna kalmomin da bugun ya gane. Na yaga takardar.

Tsafe tana kan hanyata ta komawa makaranta, kuma yayar Baba tana aure a can. Na sauka don in sha ruwa in yi mata sallama, ba don komai ba. Na same ta tana sussukar gero a tsakar gida. Ta dube ni ta ce na rame kamar wanda ya tashi daga jinya, ta tambayi abin da ke wuyana. Na ce, "Gwaggo, shi ne ajalina." Na danna mata don ta ji.

Bugu biyu aka yi ta ajiye taɓarya.

"Kai, ɗan nan, mi kaka nema ga manoma? Wanga ai naka na."

Na ce ni ban taɓa riƙe garma ba.

"Wa ya ce maka na garma na? Ran da anka sa ka mota za ka makarantar kwana, ba ubanka ya biyo ka tasha da ganga ba? Ina nan tsaye. Nan take ya yi shi. Kai kau ka duƙe kai ƙarƙashin kujera don kar yara su gan ka."

Na tuna. Na tuna har warin buhun albasar da na cusa fuskata a ciki. Na ce, "Me yake cewa, Gwaggo?"

Ta bi bugun da tafin hannu a cinyarta, ta faɗa a hankali: "Je ka ka dawo, ɗana, ina nan. Je ka ka dawo, ɗana, ina nan."

A bakin turminta na rubuta shi. A gurbin mai take na sa sunana, da cikakken sunan ubana da sana'arsa, abin da ban taɓa rubutawa a wata takardar makaranta ba. Motar Funtuwa tana lodi a bakin titi, ita ce za ta kai ni in miƙa da sauran lokaci. Na tsallaka titi na hau ta Gusau, na san ke nan sai ranar ƙarshe zan isa makaranta, in ma an samu mai.

La'asar sakaliya na shiga Bunguɗu. Baba yana gindin bedi. Da ya hango ni ya miƙa hannu, ƙanena ya kawo ganga, ya fara bugun nan da na shekara goma sha biyar ina wucewa ta gabansa ina shigewa ɗaki. Garma ba ni da ita. Na ɗaga rakodar sama da hannu biyu, a gaban maƙwabta da yaran unguwa, na ce da ƙarfi, "Na'am, Baba! Na dawo!"

Gular ta tsaya a sama. Ya daɗe yana kallona, bakinsa yana motsi. Sannan ya buga shi sau ɗaya tak, ya ajiye gangar.