Makafi Biyu, Mai Karatu Ɗaya

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Alƙahira, ƙungiyarmu ta ɗalibai ta ɗora mini aikin tattara sunayen masu lalurar gani. Wata gidauniya ce ke ɗaukar nauyin wanda zai riƙa karanta wa ɗalibi makaho littattafansa kafin jarrabawa. Na karɓi aikin ina hura hanci, har sabon biro na saya.

A unguwar Hayyus Sabi' muke zaune, kuma a hawa na huɗu akwai wasu ma'aurata, dukansu makafi. Shi yana karanta Hadisi, ita Shari'a da doka. Bayan la'asar nakan tsaya a taga in kalle su suna dawowa a hankali, hannunta a kafaɗarsa, tattabarun maƙwabta na kewaya saman rufi, rana ta yi ja a jikin benaye. Sai in ji kamar duniya ba ta da wata matsala.

Ƙa'idar gidauniyar ta ce a ba namiji makaho mai karatu, matar aure kuwa tana ƙarƙashin mijinta. Haka muke rabon kayan azumi, da sunan maigida. Na rubuta sunansa shi kaɗai, ko gezau ban yi ba.

Saura mako uku jarrabawa, matar ta ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Yaya, an ce ke kika kai sunaye."

"Ma'alish, yi haƙuri, ai na sa Malam. Gidanku ɗaya."

Ta yi 'yar dariya. "Gida ɗaya, tamam. To jarrabawar ma ɗaya za mu zauna? Shi ruwayoyi ake karanta masa, ni doka za a tambaye ni. In na faɗi bana, tallafin karatuna ya yanke, sai gida."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa ƙafa.

Washegari muka hau mota zuwa ofishin gidauniyar a Dokki. Wani dattijo ya ba mu shayi, ya saurare ta da kyau. Ta ce masa dokar kare haƙƙin masu naƙasa da take karantawa ba ta tambayar mutum ko yana da aure. Ya ce, "Gaskiyarki, 'yata. Amma an rufe sunayen bana, khalas, an gama."

Haka na zama mai karatunta. Kullum bayan azahar muna barandarta, ina tuntuɓe da Larabcin lauyoyi, tana gyara mini ba tare da ta ɗago kai ba. Mai sayar da gas ya wuce a ƙasa yana buga tukunyarsa, iska na kaɗa shanya, ni ina gyangyaɗi a tsakiyar shafi. In na tuna kwanakin nan, kamar a mafarki na yi su.

Ta ci jarrabawar. Da shekara ta zagayo, gidauniyar ta gyara ƙa'idar, aka rubuta sunanta daban.

Duk da haka abin bai sake ni ba. Ni ma mace ce, na karanta ƙa'idar nan da idanuna biyu, ban ga wani aibu a cikinta ba. Ranar da sakamako ya fito na nemi gafararta, ta kama hannuna ta ce, "Ai ya wuce, Yaya. Amma kin sani? Da namiji ne ya tsallake ni, na tanadi abin da zan faɗa masa. Da aka ce ke ce, sai na rasa ta cewa."