Tsibirin da Mama ta gani a shagona

Shekarar da 'yan bindiga suka hana bin hanyar Dirin Daji, mahaifiyata ta baro ƙauye ta dawo wurina a Zuru. Ɗaki ɗaya gare ni a gidan haya. Matar da ta saba wuni a gona, sai ga ta zaune bakin katifa tana kallon bango. Da na ga zaman yana cin ta, sai na riƙa tafiya da ita shagona, inda nake buga wa mutane takardu da kwamfuta.

Kwamfutar, in an bar ta ba aiki, takan riƙa sauya hotuna da kanta. Wata rana ta nuno wani abu kamar farin awarwaro a kan shuɗin zane. Mama ta matso da kujerarta.

"Wannan fa, mene ne?"

Ni ma sai da na bincika. Na ce mata tsibiri ne a tsakiyar teku, daga sararin samaniya aka ɗauki hotonsa. Wasu ƙananan halittun ruwa ne, murjani, suka yi ta taruwa har suka zama siririyar ƙasa mai zagaye. Ruwa a ciki, ruwa a waje. Na ƙara girman hoton, muka ga rufin gidaje a jere.

"Ina gonarsu?" in ji ta.

"Kifi suke kamawa, Mama, sai kwakwa."

"To in abu ya taso, ina suke gudu?"

Na ce babu dutse, babu tudu, kuma an ce ruwan ƙara hawa yake yi. Ta daɗe tana duba hoton. Ranar Lahadi na ji ta a coci, cikin yarenmu na C'lela, tana sa mutanen cikin ruwa a addu'a tare da 'yan ƙauyenmu.

Da ruwan shuka ya sauka, ta ɗaura kayanta ta nufi tasha ba ta gaya mini ba. Can na same ta. Direbobi sun ce ko nawa za ta biya ba mai shiga hanyar. Na ɗauki ƙullin, ta biyo ni a baya.

Damina ta wuce muna ɗakin nan. Irin dawar da ta taho da shi daga gida don shuka, daga baya niƙa muka kai shi. Ita ta tuƙa tuwon, ta zuba mini, ta ce ba ta jin yunwa.