Fatirar da Inna Ta Ci Tana Kallon Bango

Wata Juma'a ce cikin sanyin 1977, in lissafin jikata Zainabu mai rubuta min wannan ya yi daidai, Baba ya fito da mu daga gidan hayarmu na Giza, can ƙasar Larabawa, ni da Inna. Shekarata tara. Tun da muka baro Damagaram muka iske shi inda yake fataucin turare, Inna ba ta ci abin kirki ba. Wakensu da burodinsu duk sun ƙi ta, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Ni ke shara, ni ke zura kwando da igiya ta taga mai kayan miya ya zuba min, in dafa abin da na iya, ta ɗanɗana ta ture. Baba ya riga ya ce in ba ta murmure ba zai mai da ita gida, ni in zauna hannun ƙanwarsa.

A kwanar layinmu akwai wani mai fatira, Ammu Sayyid. Ƙullin fulawa yake miƙewa ya yi shara-shara kamar gyale, ya wulwula shi sama, ya ninke, ya gasa, wata da nama da albasa, wata da zuma. Ana ajiye mana Inna ta shaƙi ƙamshin, ta ce a hankali, "Wannan man shanu ne na gaske." Amma hannunta bai fito daga mayafi ba. A wurinmu mace ba ta ci a bakin titi, balle a gaban maza, balle a gaban mijinta. Ammu Sayyid ya zaci raina abincinsa ta yi, ya tsaya a kanta yana rantsuwa sai ta ci, ita kuma tana ƙara sunkuyawa. Baba ya ce a naɗe mu tafi da ita gida, mutumin ya ƙi, wai fatirar da ta huce gawa ce.

Da ɗan Larabcin da na tsinta wurin wasan gala-gala da yaran layi na raɗa wa matar Ammu Sayyid abin da ke faruwa. Ta yi dariya, ta ce, "Ma'alish, 'yata," wato ba komai. Ta kori mazan waje, ta juya bencin ya fuskanci bango, ta tsaya a bayanmu da faɗin jikinta. Inna ta ci mai naman, ta ci mai zuman, ta suɗe yatsu. Ba ta koma Damagaram ba.

Bayan aurena, shagon Ammu Sayyid maigidana Malam yake kai ni. Ya san labarin, da kansa yake juya min bencin yana tsokanata da 'yar Inna. Bara Allah ya karɓi abinsa, tun daga nan abinci ya ƙi ni, ina kuka ina ramewa. Shagon ma yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Jiya Zainabu ta kawo min fatira ta zamani a kwali, da zafinta. Na juya bango na kai loma, sai na tuna ba wanda ya rage da zan ji kunyarsa.