Inna ta sake ganin wata

Jiya bayan magariba na kafa madubin hangen taurari a tsakar gidanmu nan Ƙaura, 'yan gida na ta tsokanata wai na sayo bututu.

Sai kakata, Inna, ta ce a kamo hannunta. Idonta ya yi rauni, ta daɗe ba ta ga wata sosai ba.

Na saita mata. Ta leƙa.

"Angona, mi ya same shi? Fuska duk ramuka! Sumul na san shi."

Zan ce dama haka yake, sai ta shafa kuncinta, ta yi murmushi.

"Ashe tare muka tsufa."

Na haɗiye bayanina. Ku da kun gyara mata?